WAYAR CIKIN BANGO TA MAI GIDA CE

'Yan'uwa manoma, da yawa daga cikinmu suna da abin yi da gidan haya. Waɗansu sun sayi tsohon gida a gari da kuɗin amfanin gona, sun zuba 'yan haya. Waɗansu kuwa 'ya'yansu ne ke haya a Jos ko Zariya ko Kafancan saboda karatu. Ƙungiyoyinmu ma sukan kama sito haya don ajiye taki da hatsi. To, idan wayar lantarki ta lalace a irin wannan gida, wa zai gyara? Mu dai a ganinmu mai gida ne, ga kuma dalilanmu.

An kafa NEPA a 1972, gidaje da yawa kuma a shekarun nan aka ja musu wuta. NEPA ta zama PHCN a 2005, a 2013 aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni. Suna ya sake, amma wayar da ke cikin silin tana nan yadda aka sa ta, wata ta kai shekara 50. Robar da ta rufe ta ta bushe, ɓera ya ci wani wuri, ruwan kwano ya jiƙa wani. Kamfanin wuta kuwa aikinsa ya tsaya a mita. Daga mita zuwa cikin ɗaki, sha'anin gida ne.

Ku lura kuma, a da an ja wayar ne domin ƙwai kaɗan da rediyo da fanka. Yau ga firji, ga dutsen guga, ga abin dafa ruwa. Dutsen guga ɗaya yakan ja wat 1,000, wato ya fi ƙwai 16 na wat 60 cin wuta. Soket mai amf 13 iyakarsa wajen wat 3,000 ne. Idan kaya ya fi ƙarfin waya sai ta yi zafi. Aikin fis shi ne ya tsinke kafin waya ta kama. Wanda ya ɗaura waya mai kauri ko ƙusa a madadin fis, ya kori mai gadi ke nan, ya bar gobara ta shigo. Da hunturu kuwa, kafin a ɗebo ruwa rufi ya tafi.

Waya tana cikin gini kamar yadda kwano da ƙofa suke. Ɗan haya zai tashi ya bar ta. Wanda ke karɓar kuɗin ɗaki, wajibi ne ya ba da ɗakin da mutum zai kwana ba fargaba. Saboda haka sake tsohuwar waya, da akwatin fis, da soket da ya ƙone don tsufa, da wayar da ke bi zuwa sandar da aka kafa cikin ƙasa domin kada wuta ta ja mutum, duk na mai gida ne.

Mai gida zai ce kuɗin haya kaɗan ne, 'yan haya kuma su ne ke jibga wa wuta kaya. Akwai gaskiya a nan. Ɗan haya shi zai sayi ƙwai, ya biya abin da ya fasa da hannunsa, kada ya yi haɗin waya da kansa. Idan ya ji warin roba, ko ya ga makunni ya yi baƙi, ko famfo yana jan hannu, sai ya kashe wuta daga akwati, ya gaya wa mai gida a ranar. Amma ƙarancin kuɗin haya ba hujja ba ne. Gyaran waya bai kai sake gina gida tsada ba, rai kuwa ba a sayensa.

Tun ran gini ran zane. Kafin a biya kuɗi, a rubuta wanda zai gyara kowane abu, shaidu su sa hannu. Idan ɗan haya ne zai yi gyaran a cire daga kuɗin haya, a rubuta wannan ma tun kafin a taɓa waya. A kira mai gyaran wuta wanda ke da takardar shaida. Hukumar NEMSA, wadda aka kafa bisa dokar 2015, ita ke ba da irin wannan takarda.

Shawararmu ga ƙungiyoyi ita ce, kada a zuba buhu ko ɗaya a sito sai an duba wutarsa. Ɗan ƙungiya mai gidan haya kuma, a ba shi rance ya sake waya, ya biya bayan kaka. Sai a kawo maganar a taro na gaba.