Daga Gidan Gaskiya Zuwa Sojojin Baka: Wa Ke Magana Da Yawun Manomin Daudawa?

Duk wanda ya zauna da dattawan Daudawa zai ji cewa a da can, in aka ce rediyo ya faɗa, to magana ta ƙare. Rediyon kuwa shi ne na Kaduna, wanda gwamnatin Sardauna ta buɗe a 1962. Jaridar da mai boko ɗaya kan karanta wa taron jama'a ita ce Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka soma bugawa a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta. Daga baya New Nigerian ta fito ranar 1 ga Janairun 1966, mako biyu kafin a kashe Sardauna.

Kada matasa su ruɗu da kirarin da ake yi wa waɗannan gidaje yanzu. Bakin masu mulki ne da sarakuna, kuma lokacin da ake ɗaure 'yan NEPU a kotunan alkalai ba a nan talaka yake kai kukansa ba. To amma ra'ayin 'yan mazan jiya na wancan zamani yana da gida, yana da adireshi, yana da edita da aka san sunansa, irin su Adamu Ciroma da Mamman Daura. Abin da suke karewa tsari ne: sarauta, da haɗin kan Arewa, da kason Arewa a tarayya. Mutum yana iya ƙin tsarin, amma ya san da wa yake jayayya.

Gwamnatin Murtala ta karɓe New Nigerian a 1975, aka mayar wa gwamnonin Arewa ita a 2006, ta durƙushe a hannunsu, ma'aikata na bin bashin albashi. A ɗaya gefen kuma Babangida ya yi dokar da ta halatta gidajen rediyo masu zaman kansu a 1992, har aka buɗe Freedom a Kano a 2003. Alherin wannan a fili yake, domin talaka ya samu damar buga waya ya faɗi abin da ke cinsa. Sai dai ta wannan ƙofa ce sojojin baka suka shigo, aka sayi fili, aka ba ɗan koren ɗan siyasa makirufo, sannan Facebook da TikTok suka zo suka ƙarasa ɓalle ƙyauren. Ko a Amurka haka aka yi: da aka soke ƙa'idar da ke tilasta wa tashoshi jin ɓangare biyu a 1987, sai irin su Rush Limbaugh suka gano cewa ihu ya fi hujja kawo kuɗi.

Wanda ya gaji kujerar editan jiya ba tsari yake karewa ba, ubangida yake karewa. Yau ya rantse a kan mutum, gobe ubangidan ya sauya jam'iyya, shi ma ya sauya rantsuwa, ko kunyar masu saurare ba ya ji. Wai shi ne mai kishin Arewa!

Mai karatu ya auna su da abin da ya faru a wannan yanki. A Yunin 2020 'yan bindiga suka kashe mutane gommai a Kadisau ta ƙaramar hukumar Faskari. Ranar 11 ga Disamba aka kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, alhali Shugaba Buhari yana Daura. Da yawa daga waɗanda suka cika gidajen rediyo da hargowa a kan Chibok a 2014 sai bakinsu ya yi nauyi, domin yanzu nasu ne a kan mulki. 'Yan adawa kuma suka ɗauki gawarwakin a matsayin kayan kamfe. Manomin da ya bar gonar audugarsa da masararsa, yana sayar da shanun huɗa don biyan kuɗin fansa, bai wuce adadi ba a bakin kowanne ɓangare.

Ita ma damar buga wayar ta nuna iyakarta. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, aka shafe kusan wata uku mutanen birni na muhawara a kan mutanen da ba su da halin cewa uffan. Da Trust TV ta shiga daji ta nuna yadda lamarin yake, a 2022 hukumar NBC ta ci ta tarar Naira miliyan 5, sojojin bakan gwamnati kuwa suka fito suna cewa ai maganinta ke nan.