Ba Lalaci Ba Ne



Tun da aka gama dam ɗin Watari a ƙasar Bagwai a 1980, noman rani ya zauna da gindinsa: shinkafa, tumatur, albasa, masara. Amma in an sa ranar yashe hanyar ruwa, 'yan tsiraru ke fitowa. Shugabannin ƙungiya su ce lalaci ne, a ƙara tara. Mu dai ba mu yarda ba.

Mutanen nan da ake kira ragwaye, su ne muke gani da damina a gayya, tun hantsi har la'asar, ba ko kwabo. Me ya kai su? Akwai fura da tuwo, gaskiya ne, amma ba shi ke nan ba. A gayya kowa da kunyarsa, ta noma da ta ido; ana ganin wanda ya yi gaba da wanda aka bari a baya. Makaɗi yana kiran sunan mutum har da na ubansa. Kowa kuma ya san tasa gayyar tana zuwa.

To, dubi hanyar ruwa. Na kusa da dam, ko ya yashe ko bai yashe ba, ruwa zai shiga gonarsa. Na can ƙarshe ya yashe bara, ruwan bai iso ba, tumatur ɗinsa ya ƙone, gwiwarsa ta yi sanyi. Wanda ya sha laka da wanda ya laɓe a inuwa, ba mai bambanta su. Ina tara za ta gyara wannan?

Da Nehemiya ya tashi gina garun Urushalima, bai tara jama'a wuri guda ba. Ya raba aikin, waɗansu suka gyara daidai ƙofar gidajensu, aka kuwa rubuta sunayen masu aiki. Cikin kwana 52 aka gama.

Shawararmu ke nan: a raba hanyar ruwa, kowane gida da rabonsa, a kafa turke da sunan mai shi. A taron ƙungiya a karanta sunayen waɗanda suka gama. Ran sakin ruwa a fara ba na ƙarshe, don ya ga amfanin guminsa. Tun da ruwa ɗaya muke sha da maƙwabtanmu Musulmi, kada ranar aikin ta faɗa Jumma'a ko Lahadi, a kuma zauna da su kafin a kafa turke na fari.