Wasiƙa Daga Kwalkwalawa: Cefanen 'Yan Ƙwallo

Zuwa ga Edita,

Ga ni na sake zuwa filin nan da ka saba ba ni aro. Yau zan bar maganar fadama da albasa in hau tudu, domin zancen da ya cika majalisun birnin Sakkwato shi ne na ƙwallon ƙafa, wanda iyayenmu ke kira tamaula. Na san akwai malaman da za su ce wannan ai wasan yara ne, bai dace mai furfura ya ɓata tawada a kansa ba. To, su yi mini aikin gafara. Abin da ake biyan mutum albashi saboda shi, ya ci da iyali, ya sa ƙannensa makaranta, ya riga ya fita daga wasa ya shiga sana'a. Kuma tun da yake galibin manyan ƙungiyoyin ƙasar nan gwamnatocin jihohi ke riƙe da su, ashe da dukiyar jama'a ake cefanen, mai kallo da wanda bai taɓa taka filin Giginya ba duk da kwabonsu a ciki.

Ran nan da la'asar sakaliya ina zaune bakin gulbi, kusa da gadar da motoci ke bi zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sai na ga wani tsoho masunci, maƙwabcina, ya baje tarunsa a kan yashi yana bin sa ido-ido. Na ce, "Baba, ai ruwa bai kawo ba tukuna, gaggawar me ake?" Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Malam, in ruwa ya taho wa ad da sukunin ɗumki? Kuma ba ko'ina nika ɗumkewa ba, sai inda kihi yas sulluɓe min bara." Na yi dariya, amma da na koma gida sai na ga tsohon nan ya gama shirya mini wasiƙar makon nan, saura tawada kawai.

Ga abin da nake nufi. In an rufe kakar wasa akan sami hutu na 'yan watanni. 'Yan kallo su huta, su 'yan wasa su tafi ganin gida, amma shugabannin ƙungiya a lokacin ne aikinsu ke tashi: wa za a riƙe, wa za a sallama, wa za a nemo. Ƙungiyarmu ta Sokoto United ta san zafin wannan aiki. A 2024, tana gasar mataki na biyu ta ƙasa, ta shiga cikin takwas ɗin da aka tara a Inugu don a fid da huɗu da za su hau babbar gasa. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta haye, da Nasarawa United, da Ikorodu City, da Beyond Limits. Mu muka dawo gida. Wanda ya kai bakin ƙofa haka, ba sabon taru yake bukata ba, wurin da kifi ya sulluɓe zai nema.

A cikin wannan hutu ne ake jin dillalai suna ta cewa, "Ga wane nan ba shi da ubangida, kyauta za ku ɗauka." Bari in bayyana wa wanda bai saba ba. Kowane ɗan wasa yana da takardar yarjejeniya tsakaninsa da ƙungiyarsa, an rubuta wa'adi, shekara ɗaya ko biyu ko fiye, amma a dokar FIFA ba ta wuce 5. Muddin wa'adin bai cika ba, mai son sa sai ya biya ƙungiyarsa. In ya cika kuwa, ya zama mai ikon kansa, ya tafi inda ya so ba a biyan kuɗin sayensa. A da ba haka abin yake ba. Wani ɗan Beljiyam mai suna Jean-Marc Bosman wa'adinsa ya cika da ƙungiyar Liège a 1990, ya so komawa Dunkerque ta Faransa, iyayen gidansa suka sa kuɗin da ya hana cinikin. Ya kai ƙara, aka yi ta shari'a har watan Disamba na 1995, sa'an nan kotun Turai ta ba shi gaskiya. Kafin nan ƙuruciyarsa ta wasa ta riga ta wuce, shi ya yi shuka wasu suka girbe. Daga wannan shari'a ce al'adar ta bazu a duniya har ta iso mu.

To, amma kalmar nan ta "kyauta" ita ce tarkon. Wanda ba a biya kuɗin sayensa ba yakan nemi kuɗin sa hannu mai kauri, ga la'adar dillali, ga albashi wata-wata, ga masauki, ga magani in ya ji rauni. In ka tara su duka, sai ka ga araha ba ta ado. Na taɓa zuwa kallon gwajin 'yan wasa na wata ƙungiya da ba zan kama sunanta ba. Samari sun cika fili sun fi a ƙirga, kowa da takalminsa a leda, aka riƙa shigar da su ayari-ayari, kowane ayari ɗan lokaci kaɗan a busa a ce su fita. Wani ko taɓa ƙwallo bai yi ba aka sallame shi, wani kuwa don ya yi sa'ar yanka guda aka rubuta sunansa. Da aka fara gasa sai ga ƙungiya cike da masu gudu ta gefe, ba wanda ya iya tare ƙwallon sama a gaban raga. Taron tsintsiya ke nan ba shara.

Ni dai a nawa ganin, daga baya ya kamata a fara cefane, ba daga gaba ba, ko da yake na san mai cin ƙwallo shi ake yi wa tafi. Dalili kuwa shi ne, a ƙasar nan kusan kowace ƙungiya zakara ce a gidanta. Abin da ke raba mai hayewa da mai zama shi ne ɗan makin da aka tsinto a gidan wani, inda 'yan kallo ba naka ba ne, fili ba ka san shi ba, ga gajiyar hanya. Daga nan zuwa Kano ya fi mil 300, zuwa Maiduguri ya fi mil 600, duk a mota. A irin wannan rana ba gwanin yanka ke fid da kai ba. Mai tsaron gida ne wanda ya ga jiya ya ga yau, wanda ihu ba ya sa hannunsa rawa, kuma ya san yadda zai kwanta a kan ƙwallo ya ba 'yan'uwansa sukunin numfashi. Sa'an nan ɗan baya na tsakiya, dogo, mai murya, wanda zai riƙa jera abokansa kamar liman na daidaita sahu, domin ƙwallayen da ke kashe baƙo sau da yawa daga bugun kusurwa suke zuwa, ko daga bugun tazara. A gabansu kuma a sami ɗan tsakiya mai haƙuri, wanda ba ya kwaɗayin suna, aikinsa ƙwace ƙwallo da miƙa wa na kusa. Irinsa ba a rera masa waƙa, amma ran da bai zo ba kowa zai san ba ya nan. In an sami waɗannan uku, sai a nemi mai cin ƙwallo guda ɗaya tak wanda aka san tarihinsa a rubuce, ba wanda dillali ya ce ya ci ashirin a wani gari da ba wanda ya je ba.

Kada kuma a manta da benci. Tun 2020 aka yarda a canza mutum 5 a wasa maimakon 3, kuma wasannin hayewa a jere ake buga su cikin 'yan kwanaki a gari guda. Ƙungiyar da sha ɗayanta na farko ne kawai ke da ƙarfi, tana kaiwa wasa na uku sai ƙafafu su yi nauyi.

Ina za a samo su? Kowa idonsa na kan ƙungiyoyi huɗun da ke faɗowa daga babbar gasa ta ƙungiya 20 kowace shekara, domin sukan saki mutane da yawa. Akwai nagari a ciki, amma akwai wanda zuciyarsa ta riga ta mutu, yana ganin mataki na biyu ƙasƙanci ne gare shi. Ni na fi sha'awar wata kasuwar da ba a cika leƙawa ba, watau ƙungiyoyin da suka haye. Al'adarsu ce da zarar sun hau sai su ga waɗanda suka kai su ba su isa ba, su zubar da su su ɗebo sababbi. Waɗannan da aka zubar su ne suka san hanyar hayewa taki-taki, ga su da haushin da za su so hucewa, kuma kuɗinsu bai kai na masu suna ba. Akwai kuma maƙwabtanmu na Nijar, Birnin Ƙonni tana nan bayan Illela, harshe ɗaya, rana ɗaya, tuwo ɗaya. Sai dai a tuna wanda aka yi wa rajista a wata ƙasa ba ya bugawa sai hukumar ƙasarsa ta aiko da takardar izni, wannan kuwa tana cin lokaci.

Maganar rana ba wasa ba ce. Zafin Sakkwato a watannin Maris da Afrilu yakan haura digiri 40. Yaron da aka ɗauko daga bakin teku ana saura mako guda a fara gasa, rabin kaka zai yi yana neman numfashi. Ba a fafe gora ranar tafiya. A kawo shi da wuri ya sha ruwan garin, ya saba da ƙurar hunturu. Kafin ya sa hannu kuma a tambayi abin da ya raba shi da gidansa na da, a ga takardar sallamarsa da ido, a kai shi likita ya duba gwiwa da zuciya. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'a nan cikin gari, ba sai an yi tafiya ba.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda dominsa na ɗauki alƙalami. Ƙofar da 'yan wasan wasu ke shigo mana kyauta, ita ce namu ke fita kyauta. Dokar FIFA ta ce in saura wata 6 wa'adin ɗan wasa ya cika, yana da ikon ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiya, yana sanye da rigarka. Ta kuma ce wanda aka riƙe wa albashin wata 2, ya ba da gargaɗi a rubuce na kwana 15 ba a biya ba, yana iya kwance yarjejeniyar ya kama gabansa. Saboda haka cefane na farko ba a kasuwa yake ba, a cikin gida yake. Duk yaron da ya yi fice a kakar da ta wuce, a zauna da shi tun bai fara amsa wayar baƙi ba, a ƙara masa wa'adi, a ƙara masa abin hannu. In daga baya manya sun zo nemansa, su zo da kuɗi, a sayi biyu da kuɗin ɗaya.

Ku dubi Shehu Abdullahi. Haifaffen Sakkwato ne, amma a Kano Pillars ya yi suna. Ya ci lambar tagulla da Nijeriya a wasannin Olimfik na Rio a 2016, ya je gasar cin kofin duniya a Rasha a 2018, ya buga a Kuwait da Fotugal da Turkiyya da wasu ƙasashe. Da ya tashi komowa gida, Kano Pillars ya koma. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, inda babbar gasa take nan ya nufa. Haka Ahmed Musa, wanda ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kakar 2010 kafin ya tafi Turai. Da ya rabu da Al-Nassr ta Saudiyya a watan Oktoba na 2020 ba shi da ubangida, sai ga shi a Kano a watan Afrilu na 2021, yana kyaftin na ƙasa, ya kuma sake komowa a 2024. Irin wannan baƙo ba dillali ke kawo shi ba, gidan da ya rene shi ne ke kiransa. Yaran da ke buga ƙwallo ba takalmi a kan yashin gulbin nan, da na Mabera da Gidan Igwai da Runjin Sambo, a cikinsu akwai wani Shehun. In ba rigarmu ya fara sawa ba, ba wurinmu zai komo ba.

Har ila yau akwai riba a rubuta sunayensu tun suna ƙanana. In aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin 100 na kuɗin akan raba wa ƙungiyoyin da suka hore shi tun yana shekara 12 har zuwa 23. Amma fa sai wanda littafin rajista ya nuna. Ku akawuna kun fi kowa sanin cewa abin da ba a shigar a littafi ba, ba a biyan sa. Ina ganin akawu guda mai tsare takardun yara ya fi wa ƙungiya amfani bisa ga ɗan gaba na biyar da zai ƙare kaka a benci.

Roƙona ga masu riƙe da ƙungiyar shi ne, kafin a buɗe rajista, mai horarwa ya rubuta gurabun da yake bukata da hannunsa, a ba shi abin da ya rubuta, kada kowane babba ya turo ɗan gidansu. Ku kuma masu karatu na Gusau da Birnin Kebbi da Katsina, ina so in ji yadda naku ke yi, musamman wajen riƙe masu tsaron gida. Ku rubuto ta hannun Edita, zan amsa a wasiƙa ta gaba in Allah ya kai mu.

Haza wasalam.

Naku,
Ɗan Bakin Gulbi,
Kwalkwalawa, Sakkwato.