A Wayar da Kan Ɗalibai Kan Abin da Ke Shaƙe Wi-Fi a Makarantunmu

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai albarka in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni ma'aikaci ne a sashen kwamfuta na wata babbar makaranta a nan Kudancin Kaduna, kuma da wuya rana ta fito ta faɗi ba tare da wani ya leƙo ofishinmu ya ce, "Oga, sabis ɗinku ba ya yi" ba.

A lokacin rajistar kwasa-kwasai da ta wuce, an kira ni laburare da rana tsaka. Ɗalibai sun cika ɗakin maƙil, kowa ya zuba wa kwamfutarsa ido, shafin rajista sai juyawa yake yi ya ƙi buɗewa. Na duba na'urar Wi-Fi ta makaranta da ke manne a silin, lafiyarta ƙalau. Da na buɗe wayata don ganin sunayen Wi-Fi da ke ɗakin, sai da na yi ta jan jerin ƙasa kafin in kai ƙarshensa. Kusan kowane tebur akwai wanda ya kunna hotsifot ɗin wayarsa, ko ya ajiye ƙaramar MiFi kusa da jaka. Na roƙe su su kashe na minti biyar kacal. Wata ɗaliba ta ɗago kai ta ce, "Baba, ai da kuɗina na sayi data. Me ya haɗa nawa da naku?" Na ce, "'Yata, yi haƙuri ki gwada." Da yawancinsu suka kashe, shafin ya fara buɗewa tebur bayan tebur.

Tambayar yarinyar nan ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin tambaya ce mai kyau, kuma kafin ranar nan babu wanda ya taɓa ba ta amsarta.

Wi-Fi rediyo ne. Duk wanda ya taso yana sauraron gajeren zango ya san yadda tasha take shiga tasha da dare, har muryoyi biyu su cakuɗe a kasa gane ko ɗaya. Yawancin wayoyi da rautoci masu araha suna aiki ne a zangon gigahaz 2.4. A ƙasashe da dama an raba zangon nan zuwa tashoshi 13, amma suna kusa da juna ƙwarai, ta yadda guda uku ne kaɗai ake iya amfani da su tare ba tare da sun taka juna ba, wato ta 1 da ta 6 da ta 11.

Mu mutanen Kafanchan ba ma buƙatar dogon bayani a nan. Tun 1927 garinmu ya zama mahaɗar jirgin ƙasa, layi ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau Jos, ɗaya ya gangara Fatakwal. Kakanninmu da suka yi aikin reluwe sun san jirgi biyu ba sa hawa layi ɗaya lokaci guda, dole ɗaya ya tsaya a tasha sai an ba shi hannu. Haka na'urorin Wi-Fi suke. Kowace sai ta saurara ta ji tashar babu kowa kafin ta aika saƙonta. Idan hotsifot ya yi yawa a ɗaki ɗaya, jirage ne suka taru a kan layi uku, kowa na jiran kowa. Rautar da ta sauka a tasha ta 3 ko ta 9 kuwa ta fi ɓarna, domin ta gitta ne a kan layi biyu. Shi ma wanda ya zauna can nesa a ƙarƙashin bishiya yana jan sabis da ƙyar, na'urarsa takan daɗe tana riƙe da tashar, kamar jirgin kaya mai nauyi da ya tare wa na fasinja hanya.

Ba Wi-Fi kaɗai ke hawa wannan zango ba. Bluetooth na abin sauraron kunne da na sifika yana ciki. Na'urar ɗumama abinci ta maikirowef ma a nan take aiki, shi ya sa sabis yakan tsinke a ofishin da ke kusa da ita da zarar an kunna ta. Tun 1985 hukumar sadarwa ta Amurka ta buɗe wannan zango ga kowa ba tare da lasisi ba, sauran duniya ta bi sahu. Wannan ne ya sa Wi-Fi ya yi araha har ya iso gare mu, kuma shi ne ya sa babu mai tsaron ƙofa. Kamar rijiyar unguwa ne, sani da kara ne kaɗai ke hana a gurɓata ta.

Ba zan ɗora wa ɗalibai laifin duka ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɗalibin da ya gwada Wi-Fi na makaranta sau uku bai samu ba, ga ranar rufe rajista ta matso, dole ya kunna nasa. Da ya kunna, na makaranta ya ƙara rauni, na kusa da shi ma ya kunna nasa, haka abin ke ta ruruwa. Sau da yawa mu ma'aikata muna saka na'ura ɗaya a dogon gini mai kaurin bango da rodi, mu ce ta wadatar, alhali siminti da ƙarfe suna cinye sigina. Wani lokacin kuma shugaban sashe ne zai sayo rautarsa ya jona a ofis ba tare da ya sanar da kowa ba.

Saboda haka ina kira ga shugabannin makarantunmu, daga reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, zuwa Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, da kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma ta Kafanchan, da sabuwar jami'ar tarayya ta Kachia, da su ware ko da minti ashirin a makon karɓar sababbin ɗalibai don wannan bayani. A yi shi da Hausa da Turanci, da misalan da kowa zai gane. A nuna wa ɗalibi ya kashe hotsifot idan yana inda Wi-Fi na makaranta yake. Idan ya zama dole ya ba kwamfutarsa data, ya jona ta da wayar caji ta USB, wanda ba ya damun kowa, ko ya zaɓi zangon gigahaz 5 idan wayarsa tana da shi, domin ya fi yawan tashoshi kuma ba ya ƙetare bango sosai ya shiga ɗakin maƙwabci. A gargaɗe shi kada ya shiga kowane Wi-Fi don kawai sunansa ya yi kama da na makaranta, domin ɓarayin bayanai suna kafa irin wannan tarko. Masu gidajen haya da ke kewaye da makarantu kuma su sani Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta sha gargaɗi kan saka bustar sabis ba tare da izini ba, saboda tana dagula layin waya na unguwa gaba ɗaya.

Ƙwace na'ura da barazanar tara ba za su kai mu ko'ina ba, domin wayar da ke aljihu ba a iya tsare ta. Abin da na gani da idona shi ne, wanda aka yi wa bayani yakan kashe da kansa. Ita waccan ɗalibar, da na zana mata layukan nan uku a bayan takardarta, ita ce ta tashi tana bi tebur-tebur tana roƙon 'yan uwanta su kashe nasu. Irinta suna da yawa a makarantunmu, bayanin kawai suke jira. Allah ya ba shugabanninmu ikon yin sa, ya kuma albarkaci karatun 'ya'yanmu.



Naka,
Ma'aikacin sashen kwamfuta,
Kafanchan, Jihar Kaduna.