Sababbin 'yan wasa a Fantasi: waɗanda suka biya bara, da wanda ya kai ni na 17

1/ Agustan 2025 ne, saura kwana kaɗan a fara Firimiya, kuma tun shekaranjiya rukuninmu na WhatsApp na 'yan Mahuta bai yi shiru ba. Kowa sai turo hoton tawagarsa ta FPL yake. Na ƙirga tawaga 11: Wirtz yana cikin 9, Gyökeres yana cikin 7. Mutanen da kafin kakar 2025/26 ko minti ɗaya ba su taɓa bugawa a Firimiya ba. To ku zauna in faɗa muku yadda sababbin bara suka kaya, gurbi-gurbi, don ni na sha.

2/ Ga wanda ba ya buga Fantasi: ana ba ka fam miliyan 100 na ƙarya, ka sayi 'yan wasa 15. Gola 2, 'yan baya 5, 'yan tsakiya 5, 'yan gaba 3, kuma ba a wuce mutum 3 daga kulob ɗaya. Abin da suka yi a fili na gaske shi ne makinka.

Mu 21 ne a gasarmu. Ba ma sa kuɗi, tun farko muka ce ban da abin da zai kai mu ga caca. Wani yayanmu da ke aiki a Kaduna ne ke saya wa na ɗaya riga. Wanda ya zo can ƙasa kuwa, shekara guda ba shi da bakin magana a gidan kallo, kuma wallahi wannan ya fi asarar kuɗi ciwo.

3/ Bara na 17 na ƙare. Ga yadda aka yi. Daren Juma'a 16 ga Agusta 2024, Man United da Fulham, wasan farko na kakar. Zirkzee ya taso daga benci ya ci a minti na 87, gidan kallo ya kaure da ihu. Kafin in isa gida na riga na saye shi, har da asarar maki 4 saboda sai da na yi canji biyu kuɗin suka isa.

Ƙwallo 3 ya ci a lig duk kakar. Ni kuma taurin kai ya sa na riƙe shi har Oktoba, kullum ina cewa wannan satin zai tashi.

4/ Ba laifinsa ba ne. Ni ne ban yi tambayar farko ba: wannan sabon zai riƙa farawa kuwa? Wanda bai kai minti 60 ba maki 1 yake samu, kuma ɗan baya ko an tashi ba a ci su ba, idan bai cika minti 60 ba, ba shi da komai a ciki. Sabon ɗan wasa a babban kulob yana da mutum biyu ko uku da ke jiran gurbinsa. Na ƙaramin kulob kuwa an saye shi ne don ba su da wani.

Chiesa ya zo Liverpool daga Juventus, ya ɗaga kofi, amma wasa 6 kacal ya buga a lig. Akwai wanda ya sa shi a gasarmu, ba zan kira suna ba, ya san kansa.

5/ Gola. Nan ba dogon zance, don sababbin ba su da yawa. Na ba Matz Sels na Nottingham Forest, duk da a Fabrairun 2024 ya zo, 2024/25 ce cikakkiyar kakarsa ta farko. Wasa 13 ba a zura masa ba, suka raba kyautar safar zinare da Raya, kuma a cikin masu arha aka sa shi da farko.

Sabo fil shi ne Hermansen na Leicester. A gidan Arsenal cikin Satumba ya kaɗe ƙwallo 13 a wasa ɗaya. Duk kaɗewa 3 maki 1 ne, ya samu 4 ke nan, amma an ci shi 4, aka zare masa 2. Gola mai kyau a bayan 'yan baya marasa kyau haka rayuwarsa take. Leicester ta faɗi.

6/ Baya. Nan ne muka fi yin musu, kuma har yanzu ba mu gama ba. Abokina Sani ya rantse Huijsen ne sabon da ya fi kowa. Ni na ce Milenković.

A ƙwallo ta gaskiya Sani yana da hujja. Yaro ɗan shekara 19 ya zo Bournemouth daga Juventus, ya ci Tottenham da ka aka tashi 1-0, ya ci a Old Trafford, ya ci a gidan Arsenal, kaka ɗaya Real Madrid ta biya fam miliyan 50 ta ɗauke shi. Ban musa ba.

7/ Amma Fantasi ba ta biyan kyan taɓa ƙwallo. Huijsen bai samu gurbi sosai ba sai da Senesi ya ji rauni, wato watannin farko wanda ya saye shi benci ya saya. Milenković kuwa daga zuwansa daga Fiorentina ya shiga, bai fita ba. Ƙwallo 5 ya ci. Ƙwallon ɗan baya maki 6 ne, 30 ke nan daga nan kawai, ga maki 4 duk ranar da Forest ta fita ba a ci ta ba.

Abin da nake dubawa yanzu a sabon ɗan baya abu biyu ne: kocinsa mai son rufe gida ne? Kuma idan za a buga kwana, yana hawowa? Dogo mai hawowa kwana a kulob mai tsaron gida ya fi min gwanin fas sau goma.

8/ Calafiori shi ne darasin ɗaya ɓangaren. Kowa ya gan shi a gasar Turai da Italiya, ya zo Arsenal, ya narka wata ƙwallo daga nesa a gidan Man City, aka ruga aka saye shi. Rauni ya hana shi sakat, yau yana nan gobe ba ya nan.

A kakar 2025/26 kuma an ƙara doka: ɗan baya da ya haɗa aikin tsaro 10 a wasa ɗaya, kwashe ƙwallo daga gida, tare bugu, tsinke fas ko ƙwacewa, yana da ƙarin maki 2. Ma'ana ɗan bayan ƙaramin kulob da ake yi wa ruwan hari ya ƙara daraja. Ku duba can, ba wajen masu suna ba.

9/ Tsakiya. Idan za a bar ni in sa Morgan Rogers, shi ne, ba musu: ƙwallo 8, ya bayar an ci 10, a farashin fam miliyan 5. Sai dai shi ma kamar Sels, a tsakiyar kakar da ta gabata Aston Villa ta ɗauko shi daga Middlesbrough. Cikin sababbi na zahiri na ɗauki Minteh, ɗan Gambiya na Brighton, da ƙwallo 6. Savinho ya fi shi burge ido, ya bayar an ci 8, amma shi kansa 1 ya ci, ga Guardiola da juya tawaga kamar mai juya waina.

10/ Wanda ya ba ni dariya Merino ne. Ya zo Arsenal, atisayen farko ya ji rauni a kafaɗa. Kowa ya manta da shi. Da 'yan gaban Arsenal suka ƙare a Fabrairu, Arteta ya tura shi gaba, ya shigo ya ci Leicester 2. A Fantasi yana nan a ɗan tsakiya, ƙwallonsa maki 5 maimakon 4 na ɗan gaba. Wanda ya lashe gasarmu a satin ya ɗauke shi. Shi bai san Merino a Real Sociedad ba, kawai ya ga inda mutumin ke tsayawa a fili.

11/ Gaba. Nawa Strand Larsen ne na Wolves, aro daga Celta Vigo, ƙwallo 14. Ranar da aka fara kakar ban ji mutum ɗaya a Mahuta ya iya faɗin sunansa ba. Sai Delap na Ipswich da 12 a kulob ɗin da ya faɗi, shi ya sa Chelsea ta saye shi. Evanilson na Bournemouth 10, kuma akwai ranar da aka kayar da shi sau 3 a gidan Wolves, Kluivert ya ci fenariti ukun duka, shi kuma aka rubuta masa makin bayarwa.

Ku lura da kulob ɗin nan uku: Wolves, Ipswich, Bournemouth. Babu wanda ake sayar da rigarsa a kasuwar Funtua.

12/ Marmoush ne kaɗai na babban kulob da zan yarda ya biya. Ya zo Man City a Janairu daga Frankfurt, ya ci Newcastle 3 rigis, ya gama da 7. Rabin kaka ne, shi ya sa ban ba shi na ɗaya ba.

13/ Na san abin da za ku ce: Haaland fa? Gaskiya ne. Ya zo a 2022, wasan farko ya ci West Ham 2, ya gama da 36, wanda ya tsaya jira ya sha wuya. Amma ku tuna wanda suka zo tare. Darwin Núñez ya ci a wasansa na farko da Fulham, wasa na biyu ya sa wa Andersen na Crystal Palace kai, jan kati, wasa 3 a gida. Ya gama da 9. A wannan kakar Taiwo Awoniyi, ɗan Ilorin, sabo a Forest, ya ci 10, ciki har da wadda ta kayar da Liverpool da wadda ta kashe wa Arsenal zancen kofi. Mu da muke Najeriya ma ba mu saye shi ba.

14/ Don haka masu Gyökeres, ban ce ba zai ci ba. Ya ci 39 a lig ɗin Portugal a kakar 2024/25. Darwin ma 26 ya ci a wannan lig ɗin kafin ya zo. A jadawalin 2025/26 wasan farko na Arsenal a Old Trafford ne, na sati na uku a Anfield. Mene ne na gaggawa? Wirtz kuma gwani ne, da shi Leverkusen ta ɗauki kofin Jamus ba a doke ta ba, amma a kakar 2024/25 fenaritin Liverpool na Salah ne, kuma Salah ne ya tara maki 344 a kakar.

15/ Babanmu idan aka kawo masa sabon irin masara, ko mai shagon ya yi rantsuwa, kunya huɗu ko biyar yake ba shi a gefen gona, sauran ya zuba wanda ya sani. Da na yi masa bayanin Zirkzee a gona satin jiya, muna sa taki, bai gane komai ba sai dai ya ce, "Kai da ka je jami'a ka sayi abin da ba ka gwada ba?" Sani yana gefe yana dariya har da riƙe ciki.

16/ Tawagata ta bana sabo ɗaya ne a ciki, ɗan baya mai arha, kuma benci zai fara. Wirtz da Gyökeres ina kallonsu sati 3: minti nawa suke samu, wa ke buga fenariti, wa ke buga kwana. In sun tashi, farashinsu ya ɗan hau, zan biya, na yarda.

Ranar Juma'a 15 ga Agusta 2025 Liverpool da Bournemouth ƙarfe 8 na dare, ana rufe canji 6:30, kafin magariba. Wanda ya san sabis ɗin unguwarsu idan hadari ya haɗo, ya gama tun da rana. Sani, kai nake nufi, bara da kyaftin ɗin da ke jinya ka shiga satin farko.