Rage Teɓa Sai Da Gayya

Ran 1 ga Janairu, lokacin bikin Afan a Kagoro, akan ga ma'aikata daga Kafanchan sun tasar wa dutse suna haki, suna alkawarin bana sai teɓa ta zube. Kafin hunturu ya wuce, da yawa sun koma kujera.

Ba ƙarfi suka rasa ba, mai sa ido suka rasa. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 ta nema a mako, wato rabin sa'a sau biyar. Manoman citta kuwa sun san gayya: wanda ya ƙi gonar maƙwabci, ranar tasa ba mai zuwa. To, masu tattaki su ajiye littafin suna, a buga wa malalaci ƙofa da asuba, a hau sikeli ƙarshen wata gaban kowa.