Ra'ayinmu: Makarantar da Ba Ta Korar Kowa

Kowace shekara da zarar sakamakon JAMB ya fito, takardun talla sukan fara yawo a ƙofar majami'a bayan an tashi sujada. Wannan kwalejin aikin lafiya ce, waccan ta kwamfuta, kuma duk bakinsu ɗaya: ba ma duban ƙabila ko addini, ba ma korar kowa, a zo a cika fom. Ga iyayen da ɗansu ya shekara biyu ko uku a gida yana jiran gurbi, musamman waɗanda suke jin sunan yaron ko takardar asalinsa ce ta hana shi, wannan magana takan yi kama da amsar addu'a. Mun ga ya kamata mu ba da labarin wata makaranta a Amurka wadda ita ma da wannan magana ta cika azuzuwanta.

Kamfanin Corinthian Colleges, wanda aka kafa a jihar Kalifoniya a 1995, kamfanin neman riba ne mai makarantun koyon sana'a da sunan Everest da Heald da WyoTech. Wajen 2010 ɗalibansa sun haura 100,000. Wanda ya shiga ajin zai ga baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka da mata masu renon 'ya'ya su kaɗai da tsofaffin sojoji, har ya ce ga makaranta mai tausayin marasa galihu.

Dalilin ya fito fili a 2013, sa'ad da Kamala Harris, babbar lauyar Kalifoniya a lokacin, ta kai kamfanin kotu. Takardunsa na cikin gida sun nuna irin mutanen da ake tura ma'aikata su nemo: masu kaɗaici, masu gaggawa, waɗanda suka raina kansu, waɗanda ba su da masu kula da su. Ba a kori kowa ba domin kowane ɗalibi yana zuwa da bashin karatu daga gwamnatin tarayya, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na kuɗin kamfanin daga gwamnati yake fitowa. Kuɗin ya shiga aljihun kamfani, bashin ya zauna a wuyan ɗalibi. Binciken wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka a 2012 ya gano cewa irin waɗannan kamfanoni sun fi kashe kuɗi a kan talla da farautar ɗalibai fiye da koyarwa.

Alkawarin samun aiki kuwa, shi ne ya fi ɓata mana rai. A 2015 Ma'aikatar Ilimi ta ci tarar Heald dala miliyan 30 saboda ƙarya a kan yawan waɗanda suka sami aiki. An biya wasu kamfanoni su ɗauki ɗalibai aikin wucin gadi, wani na kwana biyu kawai, don a rubuta cewa sun sami aiki. A ranar Lahadi 26 ga Afrilu 2015 kamfanin ya sanar da rufe sauran makarantunsa 28, ɗalibai wajen 16,000 suka wayi gari ba makaranta. Sai a 2022 gwamnati ta yafe bashin dala biliyan 5.8 ga mutum 560,000. Shekara bakwai ke nan, kuma ba wanda ya mayar musu da shekarun.

A wurinmu babu gwamnatin da za ta mayar wa uba san nomansa, ko gwauruwa buhunan masarar da ta sayar. Ba mu ce kowace makaranta mai zaman kanta mayaudariya ce ba. Akwai masu riƙon amana, kuma 'ya'yanmu da yawa a can suka sami abin da suke ci da shi yau. Amma hoton yara kala-kala a kan takardar talla, ko ayar da aka buga a samanta, ba shaidar kome ba ne. Mai makaranta yana iya zama ɗan'uwa a coci, duk da haka a tambaye shi takarda.

Saboda haka muna roƙon dattawa da fastoci: kada a karanta tallar makaranta a lokacin sanarwa, domin abin da ya fito daga bagade jama'a sukan ɗauka ikkilisiya ta amince da shi. Kada kuma wani shugaba ya karɓi lada a kan kowane yaron da ya kawo. Kafin a biya kuɗin fom, a bincika ko hukumar NBTE da ke Kaduna ta amince da wannan kwas ɗin kansa, ba sunan makarantar kaɗai ba. In aikin jinya ne ko ungozoma ko lafiyar al'umma, a tabbatar hukumar da ke ba da lasisin aikin ta san da makarantar, gama takardar da ba lasisi a bayanta ba ta kai yaro ɗakin marasa lafiya. Sa'an nan dattijo ɗaya da wata uwa daga zumuntar mata su raka yaron, su ga ajin da idonsu, su nemi a haɗa su da mutum uku da suka gama bara, su tambaye su inda suke aiki.